Shekara Bakwai Ina Kishin Arzika

Shekara bakwai ke nan da muka kai Arzika makwancinsa a Katanga, kuma har yau ban daina kishinsa ba. Na san ba a faɗin haka a kan mamaci, balle a jarida. To amma taubashina ne, tun muna yara ba mu saba ɓoye wa juna magana ba.

Ni na fara tunanin jawo baƙi bakin gulbinmu. Ni ne, ba shi ba. Ina koyarwa a Jega lokacin, ina ganin masu zuwa Aliero ɗori ko sarin albasa, su gama abin da ya kawo su su juya, ko leƙa ruwa ba su yi ba. Na zauna na tsara komai a takarda: rumfunan hutawa, wurin gasa kifi, inda jirage za su tsaya, har yawan baƙin da za a ɗauka a yini don kada a tattake gaɓa. Arzika kuwa matuƙin kwale-kwale ne, ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba.

Na kai masa takardar ne don ya yaba, ba don ya gyara ba. Ina karantawa yana ɓare gyaɗa. Da na kai aya ya ce, "Malam Hali, wagga takarda ta yi kyawo. Amma ina kas sa shanu?"

"Waɗanne shanu?" in ji ni.

"Na Hulani mana. Wurin ga da kaz zana rumhuna, nan suka shan ruwa in rani ya yi. Kai da damina kaz zo awo."

Gaskiyarsa. Tsakiyar damina na je da igiyar awo, sa'ad da shanu ke can tudu suna shan ruwan tafki, babu ko sawun kofato a gaɓar. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Maiyama, wai malamin makaranta ya manta da shanu. Aka matsar da rumfunan gabas, aka bar burtali a buɗe. Daga nan wurin ya zama Mashayar Arzika a bakin kowa. Ni na yi shafi goma sha biyu, shi ya yi tambaya ɗaya, ya tafi da sunan.

Yau baƙi na zuwa, ɗalibai da 'yan biki da masu gudun hayaniyar gari. Kun san abin da suka fi ɗauka a hoto? Shanu, in sun gangaro da la'asar. Rumfunana kuwa sai dai a ajiye takalma. Da Arzika na nan, na san dariyar da zai yi mini, kuma na san ba zai gaji da ita ba.

Watan jiya wani ɗan kasuwa ya zo gaban kwamitin kula da mashayar, wanda nake shugabanta. Yana so ya katange gaɓar duka, ya sa fitilu da kujeru, shanu su nemi wani wuri tunda suna ɓata ƙasa. Ya ƙara da cewa allon bakin ƙofa sunana zai ɗauka. Ba zan ɓoye ba, da na koma gida sai da na rubuta sunan a takarda sau biyu, don in ga yadda zai fito. Ya fito da kyau.

Ranar yanke shawara Ardo ya zo, dattijon makiyayan da ke shayarwa a nan tun kafin a haife ni. Ya jingine sandarsa ya zauna. Ɗan kasuwa ya baje zanensa, kowa ya zuba mini ido. Na duba zanen sama da ƙasa, kamar nawa na da. Sai na ji bakina ya ce, "Alhaji, ina ka sa shanu?"

Maganar katanga ta mutu a nan, allona ya bi ta. Ardo ya share ido da bakin rawani, ya ce, "Allahu akbar! Awa Arzika na ka magana."

Arzika bai bar gida na siminti ba, kwale-kwalensa ma ya daɗe da ruɓewa. Tambayar nan kaɗai ya bari, ita ke tsaron gaɓa har yau. Ni na yi ta da bakina, na sadaukar da sunana saboda ita, amma ko wannan karon shi aka yaba. Allah ya jiƙanka, taubashi. Ka sake cinye ni.