Lambatun Malam Bukar

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da baƙi uku suka zo duba filin ƙwallonmu, suka tarar da agwagi suna iyo a bakin raga ba. Ni ban yi boko ba. Malama Ladi ta ofishin wasanni ce take rubuta mini, ku kuma da kuka kama aiki bayanmu ku ji.

Ni ce mai wankin rigunan 'yan wasa a makarantarmu ta gefen fadamar kogin Haɗejiya. Maigidana Malam Bukar, Allah ya jiƙansa, shi ne mai kula da fili. Lokacin da muke kwaleji muna cikin ƙungiyar wasannin kwalejoji, ita ke shirya mana gasa duk shekara. Da aka mayar da mu jami'a, sai aka ce mu koma ta jami'o'i. Ƙa'idarsu ita ce ku nemi shiga, su turo masu duba fili, in ya yi musu su karɓe ku. Daraktan wasanni bai jira duk wannan ba. Takardar fita daga tsohuwar ƙungiya ya fara aikawa, wai mun girmi wasa da kwalejoji.

A shekarar nan Malam Bukar ya rasu, tun lokacin sanyi, damina da sauran nisa. Har yau in na ji ƙamshin ciyawar da aka yanke sai hawaye su zubo mini. Duk shekara kafin ruwan farko yakan ɗauki shebur ya yashe wani lambatu a bayan ragar gabas, wanda ke kai ruwa fadama. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya rubuta.

Da na fita takaba na dawo aiki, sai na tarar da tifa ta juye ƙasa an cike lambatun. Na ajiye baho na nufi ofis.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya binne hanyar ruwa?"

Ya ce, "Iya, littafin sabuwar ƙungiya ya ce kada a ga rami kusa da fili."

Na ce, "Mai littafin ya taɓa kwana a Haɗejiya da damina?"

Ya yi dariya ya ce, "Iya, ki riƙe sabulu, ki bar mana fili."

To, na riƙe sabulu. Baƙi suka zo a tsakiyar damina, bayan an wuni ana ruwa. Ɗayansu ya naɗe wando ya taka, ruwa ya kai masa ƙwauri. Yohanna, kyaftin ɗin 'yan ƙwallo, ɗan Filato da ke shekararsa ta ƙarshe, ya ce musu, "Yallaɓai, in da gasar kamun tarwaɗa a ƙungiyarku, ku sa mu." Ba wanda ya yi dariya. Suka ce sai baɗi su sake zuwa.

Darakta ya garzaya wurin tsohuwar ƙungiya a bar mu mu buga ko na bana. Suka nuna masa takardarsa da sa hannunsa. Muka zama ba mu can, ba mu nan. Shekara guda cur ina fito da riguna ina shanyawa don kada su yi fumfuna, ba gumin kowa a jikinsu. Yohanna ya gama karatu bai buga gasa ba. Ranar tafiyarsa ya kawo mini rigarsa a ninke ya ce, "Mama, ga ta, ban ba ki aiki ba."

Da bazara ta zagayo, sai ga Darakta a wurin wanki da leburori biyu. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya ce, "Iya, ta ina marigayi yake bi da ruwan nan?" Raina a ɓace yake, amma na tashi. Na bi layin da ƙafa ina kuka, suna haƙawa a bayana. Baƙi suka dawo, aka karɓe mu.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne manya sun iya neman shiga wurin manya, amma ba sa tambayar na ƙasa sai ruwa ya ci su. Ku je ku tambayi tsofaffin leburorinku abin da suke yi wanda ba a rubuta ba, tun suna iya amsa muku. Ni nawa, Malam Bukar, ba ya amsawa.