Diddigen Hajiya Mariyama

Na ajiye aiki, gwiwoyina sun huta da hawa bene, amma ranar da aka tura ni gidan Hajiya Mariyama ba ta taɓa fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku saurara.

Lokacin ina nas mai bin gidaje a unguwar Bronx, can ƙasar Turawa. Ga wanda bai san tsarin ba: idan asibiti ya sallami mara lafiya, mu ne ke bin sa gida, mu auna jini da suga, mu duba rauni. Tsakanin ziyara akan kira a waya a ji yadda jiki yake. In ya murmure, shugabar sashe ta ba da umarnin ziyarar ƙarshe, a rufe fayil.

Hajiya mutuniyar Damagaram ce, mai ciwon suga. Tana zaune wurin ɗanta Usmanu, mai shagon atamfa, a wani dogon bene a titin Grand Concourse. Nas ɗin da ke zuwa ba ta jin Hausa, Usmanu ke mata tafinta. Wata safiya a watan Janairu shugabarmu ta ce mini, "Saratu, mai yarenku ce, je ki rufe. Duk kiran da aka yi, ɗanta cewa yake ta samu sauƙi."

Dariya ta ƙwace mini. Na ce, "Madam, mutanenmu ko a kan gadon asibiti ake tura su, kika tambaye su jiki, 'da sauƙi' za su ce. Gaisuwa ce, ba rahoto ba." Ta ce to in duba da kyau, in na ga dalili za ta ƙara mana lokaci.

A waje ƙanƙara, a cikin ɗakin kuwa zafi kamar gidan burodi. Na tarar da Hajiya a kujera, ta jingina ƙafafunta da hitar ɗumama ɗaki, sanye da safa mai kauri. Muka gaisa.

"'Yata, ke 'yar ina ce?"

"Kafanchan, Hajiya."

"Kirista ke nan. To wallahi Hausarki ta fi ta jikokina, su sai gwaranci."

"Yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Na ce ta cire safa. Sai ta saci kallon bakin ƙofa, inda Usmanu ke tsaye yana jiran ya yi tafinta. Nan na gane. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, "wancan" take ce masa. Ta yaya za ta buɗe jikinta a gabansa, balle ta kai masa kuka? Ashe waccan nas ɗin ma duk sanda ta nemi ganin ƙafar, Hajiya cewa take sanyi take ji. Na ce, "Malam Usmanu, koma shago, maganar mata ce." Na kira matarsa Rakiya ta shigo.

Da safar ta fita, na duƙa na duba. Ƙwaurinta fari fat kamar an barbaɗa gari, duk sawun susa. Diddige ya tsage, kuma a na hagu fason ya zama gyambo, gefensa ja, har ya fara wari. Na danna wurin, ko motsi ba ta yi ba. Suga ya kashe mata jin ƙafa.

Rakiya ce ta ba ni labari, kanta a sunkuye. Ruwan alwalar Hajiya sai yana tururi. Wanka da soso mai kaushi, ta dirje har sai fata ta yi ƙara. Kaushin diddige kuma reza take sa masa. Mai kuwa ta daina shafawa a ƙafa tun da baya ya hana ta sunkuyawa.

Na ce, "Ke kuma kina kallo?"

"Anti, na sha cewa ta kawo in shafa mata. Cewa take ina aka taɓa yin haka."

Ran nan muka kai ta wurin likitan ƙafa. Ya wanke gyambon, ya ba da magani, ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in ya kai ƙashi, sai yankewa. Shugabarmu ta ƙara mana makonni. Amma ni na san wankin rauni nawa ne, kulawar kullum kuwa sai wanda ke cikin gida.

Na zaunar da Hajiya da Rakiya na koya musu. Ruwa mai ɗumi kawai, a gwada da gwiwar hannu. Bayan alwala a tsane ƙafa da tawul, har tsakanin yatsu. A shafa man kaɗanya tun fata na da danshi, ban da tsakanin yatsun, ban da kan gyambon. Reza na sa a jakata na tafi da ita. Kujera ta bar jikin hita, kofin ruwa ya zauna kusa da ita. Kuma kullum wani ya duba tafin ƙafar da idonsa.

Hajiya ta ce, "Surukata ta riƙe mini ƙafa? Haba 'yata, da kunya."

Raina ya ɓaci, na ce, "Hajiya, ni ba kullum zan zo ba. Ki zaɓa: ko hannun Rakiya, ko wuƙar lokotoro." Da gangan na kira likita da irin Hausarsu don maganar ta shiga.

Can sai ta ja mayafinta ta lulluɓe fuska ruf, ta miƙo ƙafar. Rakiya ta durƙusa, ta lakato mai. Haka suka yi ta yi, Hajiya a lulluɓe kamar amarya. Da na dawo wata ziyarar, mayafin ya sauka kafaɗa, tana ba Rakiya labarin kasuwar Damagaram, har da tsawa: "Ke, matsa nan da kyau, ba ki ci abinci ba ne?" Allah sarki, na fi kewar waɗannan safiyoyin a kan komai na aikin nan. Kafin bazara gyambon ya rufe, na rufe fayil.

Bayan wasu shekaru Rakiya ta kira ni. Hajiya ta rasu, zuciya ce. Ta bar wasiyya cewa Rakiya ce za ta yi mata wanka, ba kowa ba. Tana kuka ta ce, "Anti Saratu, ƙafafunta biyu na wanke. Duka biyun, sumul."

Abin da na koya shi ne, magani yana rufe rauni, amma fata tana son hannu kullum, kuma tsofaffinmu sun gwammace su rasa ƙafa da su roƙi wannan hannun. In kun shiga gida, kada ku tsaya a gaisuwa. Ku fitar da wanda ake jin kunyarsa, ku cire safa, sannan kada ku fita sai kun san wanda zai durƙusa gobe da safe.