Noma a Kan Katako

Shekarar da na gaji hawashar mahaifina, wato gonarsa, wani ustaz mai tsara raye-raye ya zo ƙauyenmu daga Hartum. Ya tarar muna gayya a gonar dawa, makaɗi na bin mu da ganga, muna cilla fartanya sama muna cafewa. Ya ce wannan ai rawa ce, a kai ta dandamali a garin Hajj Abdalla.

Can ya jera mu bisa katako, ya ce kowa ya yi sara takwas ya juya. Na ce, "Ya ustaz, juyawa ai sai an kai ƙarshen kuyya." Ya ce in ƙirga kawai. Makaɗinmu kuwa ya saba zuga wanda aka bari baya. Da bai ga na baya ba sai kiɗan ya rikice masa, mu ma muka rikice.

Duk da haka jama'ar da suka zo kallo suka ɓarke da tafi. Na waiwaya yadda na saba, in ga aikin da muka ci. Ko ciyawa ɗaya ba mu kashe ba. Har yau ban san me suka tafa wa ba.