Gurbi Ɗaya a Kan Tudun Aldwier

"Kai za ka je, kai ne babba!"

"Ni da ta taɓa watsa wa ruwan wanki? Je ka dai, mai bakin zuma."

"Rage murya, jaki, bangon nan kunne gare shi."

Kunnen kuwa na Aukje ne. Tana zaune tana feraye dankali, tana sauraron Tjibbe da Rinse, 'ya'yan maƙwabcinta Gerlof, suna cacar baki gawar ubansu ko sanyi ba ta gama yi ba.

Aldwier tudu ne da kakanni suka tara da hannu, laka kan kashin shanu, don kada teku ta cinye su. Da aka yi wa tekun shinge, sai Gerlof ya gane ƙasar tudun taki ce. Shekara ashirin yana yankarta kamar cuku, jirage na kwasa zuwa gonakin kudu. Abin da ya bari shi ne coci, gidaje tara manne da juna, da maƙabartar da ta cika maƙil. Gurbi ɗaya ya saura, na gidan su Aukje. Ga shi Gerlof ya bar wasiyya a kan tudun yake so a binne shi, ba a sabuwar maƙabartar fadama ba.

Mutanen gari cewa suke Aukje 'yar halak ce, kusa da uwarta take son kwanciya, shi ya sa take riƙe da gurbin. Ta ƙyale su a haka. Tana 'yar shekara sha huɗu take tura baro a ramin da Gerlof ke haƙar ƙasa, ranar da gefen maƙabarta ya zabtare, akwatin gawar uwarta ya leƙo a tsage. Gerlof ya dubi akwatin, ya dubi jirgin da ke jira, ya ce a jingina katako a ci gaba da aiki. Abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ita ma ta ci gaba. Har aka tashi tana turawa. Shekara hamsin ta kasa yafe wa kanta, sai ta ɗora masa laifin duka, nasa da nata.

Rinse ne ya ƙwanƙwasa, hula a hannu.

"Gwaggo Aukje, kin ji rashin da muka yi."

"Na ji. Har jakin ma na ji."

Ya sunkuyar da kai. "Tsoho ne ya roƙa, Gwaggo. Gurbin nan. Ke ai ga ki garau, sai kin binne mu duka."

Ta goge hannu a zaninta a hankali, tana ɗanɗana abin kamar shayi mai sukari.

"Zan wanke shi, zan kaɗa masa ƙararrawa, haƙƙin maƙwabtaka ne, ba a taɓa ce na gaza ba. Amma fadama za ku kai shi. Ku zuba duwatsu a akwatin, yaro, ruwan can ba ya riƙe gawa, taso da ita yake yi."