Inci Biyun da Malama Ta Bari

Duk layin an san shi da Inci-Biyu, kuma matarsa ce ta laƙaba masa sunan. Tela ne, shekara arba'in a kan keken ɗinki. Ko wace riga ya ɗinka sai ya naɗe inci biyu na yadi ya ɓoye cikin ɗinkin gefe, ko ka so ko ka ƙi. In ka yi ƙorafi ya ce, "Bari kawai, ai ba haka za ka tabbata ba. Ranar da ka yi ƙiba ka dawo in buɗa maka." Har mutumin da ya rame kamar tsinke haka yake gaya masa, kuma da gaske yake.

Amma mai sa wa kowa ran ƙiba, shi ma ya taɓa karaya. Shekarar da gobara ta cinye shagonsa, wata uku ya yi zaune a tsakar gida yana kallon bango. Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata har shi, kuma ba ta iya ganin mutum zaune babu aikin yi ba. Wata safiya ta dire masa sabon littafin awo da biro a cinya.

"Ga aikin gida. Kullum layi ɗaya, abu mai daɗi da ya same ka. In na dawo zan duba."

"Malama, wane daɗi kuma? Almakashi ma ban tsira da shi ba."

"Ka tsira da hannun da ke riƙe shi. Rubuta wannan, na ba ka satar amsa."

Ya rubuta don a zauna lafiya. Da ta dawo ta zaro jan biro ta ba shi biyar cikin goma, wai rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan takarda. Abin ya ba shi haushi, har washegari ya rubuta layi biyu. Haka aka fara, kuma sabo turken wawa. Ko bayan ya sake buɗe shago bai daina ba.

Yana da tsarinsa. Awon mutane daga gaban littafin yake farawa, wuya da kafaɗa da tsawon hannu. Abubuwan daɗi kuwa sai ya juya littafin ya faro daga baya. Fankar shagon tana yawan buɗe masa shafuka, don haka fararen takardun tsakiya yakan ɗaure su da siririn ƙyalle, ya riƙa zaro ɗaya in ya buƙata. Ranar da gaba da baya suka haɗu, littafi ya ƙare, a sayo wani. Goma sha huɗu ya cika, suna jere a kan kabad.

Kada ka ɗauka wasu manyan abubuwa ne a ciki. "Yau keke bai tsinke zare ba ko sau ɗaya." "Wata mata ta gwada rigarta, ta juya sau uku gaban madubi." "Malama ta yi dariya har ta ƙware da shayi." A ƙarƙashin kowanne akwai jan biro. Shida, biyar, wani lokaci bakwai. Shekara ashirin da ɗoriya ba ta taɓa wuce bakwai ba, ta ce ɗalibin da aka cika wa maki lalacewa yake.

Sai mantuwa ta fara kama ta. Da farko makulli ne, sai tukunya a kan wuta, sai hanyar gida. Likita ya yi musu bayani a hankali, ya ce abin ba ya komawa baya. Inci-Biyu ya kwaso kekensa ya dawo da shi falo don idonsa ya kasance a kanta. Aiki ya ragu, littafi na goma sha biyar ya ƙi ƙarewa, ya shekara biyu yana jan sa. Jan biron ya yi ta raguwa a shafuka har ya ɓace gaba ɗaya. Shi dai bai fasa ba. Yakan zauna kusa da ita da hantsi ya karanta mata tsofaffin, wani lokaci ta yi murmushi, wani lokaci ta tambaye shi ko an kaɗa ƙararrawar tashi.

Ranar da ta dube shi ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" ranar ce ya ajiye biro. Ya ji zafin da bai ji ba ko lokacin gobara. Kwana goma sha ɗaya bai rubuta ko harafi ba.

'Yarsu ɗaya ce, Auta, tana aure a wani gari mai nisan yini guda a mota. Ta zo ta ga yadda uban ya zube, idanu sun faɗa.

"Baba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka bar ni in tafi da Mama. Ina da ɗaki, ina da masu taya ni."

Ba rashin hankali ta faɗa ba, kuma ya sani. Ya ce, "To ai ba ta san ni ba, Auta. Ni da kujerar nan duk ɗaya ne a wurinta. Ki tafi da ita." Ya faɗa ne kawai, amma shi da kansa ya san in aka fitar da Malama daga gidan nan, abin da zai rage ba shi da yawa.

Aka sa tafiya jibi. Auta ta fito da rigunan uwar ta ce duk sun yi mata yawa, a rage su kafin a tafi. Ya rataya tef a wuya ya je ya durƙusa gaban matarsa.

"Malama, ɗaga hannu in auna."

Ta ɗaga, tana kallonsa da irin ladabin da ake yi wa baƙo. "Malam tela, ka yi a hankali fa, kada ka ɓata mini yadi. Mijina ma tela ne, kuma ya fi ka iyawa."

Auta ta juya baya tana share ido. Shi kuwa ya jawo littafin don ya rubuta awon. Takarda biyu kacal suka rage a ɗaure. Ya kwance ƙyallen, ya buɗe, sai ya ga ja. Shafukan da yake zaton farare ne, cike suke da rubutun Malama, irin na da, miƙaƙƙe kamar a kan allo. Kwanan watan da ke sama na makon da suka dawo daga wurin likita ne.

"Inci-Biyu. In ka iso nan, ta yiwu ban san ka ba. Likita ya faɗa a gabanmu, kai ka yi kamar ba ka ji ba, ni kuwa na ji. Na san halinka, za ka ce ba ka da sauran amfani a wurina. Wannan amsa sifili ce cikin goma. In ni na manta, kai ba ka manta ba, sai ka riƙe mana mu biyu. Kullum kana bar wa mutane inci biyu, ba wanda ya taɓa bar maka. Ga naka. Ranar da ka rasa abin rubutawa, ka farke ɗaya."

A ƙasa ta jero su. Ranar da ya ɗinka mata rigar fara koyarwa, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ta sa a haka saboda kada ya ji kunya. Yadda yake hura mata shayi har yau kamar ba ta da baki. Ranar da aka haifi Auta, ya iso asibiti da tef a wuya ya auna jaririyar. Ya karanta uku ya rufe, don ta ce ɗaya-ɗaya, kuma ya riga ya zarce. Ya yi kuka sosai, a gaban 'yarsa, bai ɓoye ba. Can ya ce, "Alhamdu lillahi. Kin ga matar nan? Tun daga can ta hango ni."

Ya miƙa wa Auta littafin. Da ta gama karantawa ya ce, "Ba za ta tafi ba. Amma maganarki gaskiya ce, ni kaɗai ba zan iya ba. Ki samo mana mai taya ni da rana, ke kuma ki riƙa leƙo mu."

"To Baba. Rigunan fa?"

"Zan rage. Amma zan bar inci biyu."

Da la'asar ya juya littafin ta baya, ya samu ɗan wuri a ƙasan shafin da ya tsaya, ya rubuta: "Yau Malama ta ce mijinta tela ne, kuma ya fi ni iyawa." Ya laluba aljihun tebur ya samo jan biron, ya goga shi a tafin hannu har ya kawo, ya ɗora mata littafin a cinya kamar yadda ta taɓa ɗora masa.

Ta daɗe tana kallon layin. Ko ta karanta, ko ba ta karanta ba, Allah kaɗai ya sani. Amma hannun bai manta aikinsa ba.

"Wane ɗalibi ne wannan? Rubutu kamar kaza ta bi ta kai."

"Wani ne mai ƙoƙari, Malama."

"To ka ce masa ya ci gaba."

Ta ja layi, ta rubuta takwas cikin goma.