Wutar Kawu Danlami

Duk wanda ya san Kawu Danlami, ƙanin uwata, a unguwarmu Maamobi ya san ba ya wuce hayaƙi. Ko sauri muke zuwa Juma'a, in ya hango mai tsire yana fifita gawayi, sai ya tsaya cak ya karkata kai kamar kaza ta ga shaho. Aikinsa katun ne a kwamfuta, na tallan sabulu da shayi, kuma ciwonsa ɗaya: hayaƙin da na'urar ke zana masa.

"Awudu, zo ka gani," yakan ce mini. "Wannan hayaƙi ne ko audugar asibiti? Na gaske naɗewa yake, ya karye, ya ɓace. Wannan kuwa miƙewa yake kamar soja."

Wata rana ya tsuguna gaban murhun Maame mai waakye, wato shinkafa da wake, yana ɗaukar hayaƙi a waya, har layi ya taru a bayansa. Ta ce, "Alhaji, saye za ka yi ko shaƙa?" Ya ce, "Ƙara ɗanyen itace ɗaya tukuna." Ta bi shi da ludayi har bakin kwata.

Mu a gida ba mu ga abin dariya ba. Ɗakunanmu manne suke, silin na katako, lungun ko baro da ƙyar yake shiga, balle motar kashe gobara. Tun da wuta ta cinye shagunan bayan layinmu, ko ashana aka ƙyasta sai gabanmu ya faɗi. A haka Kawu ya ƙona tsumma a faranti cikin ɗaki, wai yana so ya ga yadda hayaƙi ke bin silin. Hajiya Mamuna mai gidan ta fito tana ɗingishi, carbi a hannu.

"Danlami, in na sake jin ƙauri, kai da yayarka da wannan mai kunnen ƙashin, a kan kwalta za ku kwana."

Daga ranar hancina bai huta ba. Ko tuwon maƙwabta ya kama, sai na ga kayanmu a titi. Na rame har wandon makaranta ya soma gudu na. Kawu ya bar ashana ya koma kan na'ura, yau ya ƙara wa hayaƙin iska, gobe ya rage masa kauri, kwamfuta na ta gurnani, a ɗauke lantarki, ya faro daga farko.

Ran wata Asabar da hantsi ina wanke kwanuka, sai na ji muryarsa: "Ta kama! Wallahi wutar ta kama!"

Na ɗaga labulen ɗakinsa. Harshen wuta na lasar bango, baƙin hayaƙi na murɗewa sama. Ihun da na kwarma, na rantse an ji shi har unguwar Alajo. Mata suka suri jarirai, wani ya fita da tukunyar gas a ka, uwata na salati. Hajiya, mai ciwon gwiwar nan, ta tsallake ni da bokitin ruwan wanki ta sheƙa ciki.

Wutar ta mutu nan take, tare da kwamfutar da majigin da ya aro ya haska ta a bango.

Uwata ta damƙe hannuna, muna jiran kora. Kawu na tsaye, kumfa na ɗiga daga gemunsa.

"Hajiya, tsakaninki da Allah, kin ɗauka ta gaske ce?"

"Har zafinta na ji, ɗan banza."

Ya ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi."

Ba ta kore mu ba, don ba ta so a ji har unguwar Nima cewa hoto ta kashe. Kwamfutar ba ta sake tashi ba. Kawu ya rasu bayan azumi, hawan jini, kafin ya sake gina wutarsa. Mu uku kaɗai muka gan ta, ni da shi da Hajiya.

Allah ya ji ƙanka, Kawu, ya sanyaya makwancinka, ya nisanta ka da wuta.