Kwalbar da Na Girgiza

Ni mai turare ne, kuma wanda ya daɗe yana wannan sana'a a kasuwar Tawa ba ya yarda da kwalba. An sha kawo mini ruwan banza cikin kwalba mai kyau, da hatimi da rubutun zinariya. Ubangidana ya koya mini in ɗaga kwalba wajen rana, in girgiza ta da ƙarfi, in dubi kumfa. In ta kwanta nan take, kaya na gaskiya ne. In ta tsaya, an yi surki. Da wannan na ci abinci shekara da shekaru, har maƙwabtan rumfa suna kawo mini zuma da man shanu in duba musu.

Yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar innarmu, tana aure a Kalfu. Wata shekara kaluluwa ta fito mata a wuya da hammata, ba zafi, sai rama. Daga asibitin Tawa aka tura mu Yamai, can likita ya ce ciwon daji ne na fararen ƙwayoyin jini. Ya rubuta magunguna, cikinsu akwai ɗaya da ake sakawa a ƙarin ruwa. Ya ce wannan ba kamar ƙwaya ba ne. Irin garkuwar da jiki ke yi wa kansa ce, aka raine ta a ɗakin bincike, aka koya mata ta gane ƙwayoyin jini iri guda ta kama su. Ya ce a riƙe shi cikin sanyi, kuma kada a tsallake ranar da aka sa. Na gyaɗa kai, amma a raina na ce maganin da ke da ido har ya zaɓi abokin gaba, sai na gani.

To, na gani. Ɗanta na fari, da ke ci-rani a Abijan, shi ke aiko da maganin cikin galasiya, wato akwatin sanyi, da ƙanƙara, daga mota zuwa mota. Bayan karo biyu kumburin ya sace, Yaya ta koma cin tuwo da yi wa mutane faɗa. Aka yarda a ƙarasa mata sauran a Tawa, duk mako uku.

Karo na uku ya faɗo cikin bazara. Na je tasha na karɓi galasiya, na buɗe a gida. Kwalin ba shi ba ne. Na baya fari ne da sunan Turai, wannan kuwa launinsa dabam, sunansa dabam, kuma a gefe an rubuta Indiya. Na kira yaron.

"Kawu, shi na," in ji shi. "Kamhwanin da yaf fara yin shi yana da takardar mallaka, ba a barin kowa shi yi irinai sai shekarun sun cika. Yanzu sun cika, wasu na yi. Mai hwarmasi yac ce aikinsu guda."

"Mai hwarmasi ubanka na?"

"Kawu, ka tambayi likita."

Na kashe waya. Wannan zance na san shi, kullum shi ake yi mini: ai kamfani ɗaya ne, kwali kawai aka sake. Na zargi mai kantin maganin. Na zargi direba. Allah ya yafe mini, har yaron na zarga, na ce ya ga mai araha ya rufe ido, uwarsa ce za ta sha wuya. Takardar da ke cikin kwalin kuwa Turancin Ingila ce, ni ko na Faransa da ƙyar nake haɗa baƙi.

Washegari da hantsi na zare kwalbar daga ƙanƙara, na jefa a aljihu, na tafi kasuwa. Na ce sanyin da ta sha tun daga Abijan ai ya ishe ta yini guda. A bakin rumfa na ɗaga ta wajen rana, ruwa garau kamar na randa. Na girgiza. Kumfa ta taso fara fat, ta tsaya, ta ƙi kwanciya. Wani daɗi ya kama ni, daɗin wanda ya kama ɓarawo da hannu cikin buhu.

Ban tsaya nan ba. Na miƙa wa mai zuma, ya girgiza, ya ce ruwan sabulu ne. Wani Bamaraɗe mai agogo ya girgiza, ya ce shi ya fi zaton gishiri da ƙwai. Mai goro ma, da bai san komai ba sai tsutsar goro, ya karɓa ya ba da fatawa. Kwalba ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, in ta gaji ta huta a kan tebur cikin rana, har la'asar.

Ranar ƙarin ruwan, Yaya ta iso daga Kalfu da motar safe, ita da ɗiyarta. Likitar da ke duba ta a Tawa mace ce, ba ta wuce sa'ar ɗiyata ba. Tun kafin ta zauna na fito da kwalbar, na girgiza a gabanta, na dangwara a tebur.

"Diba, likita. Jabu anka aiko muna."

Ba ta dubi kumfar ba, ni ta duba. "Baba, sau nawa kay yi haka?"

Na ba ta labari duka, da alfahari, har da shaidar mai zuma.

Sai ta ce abin da ke cikin kwalbar ɗan'uwan farin ƙwai ne, dole ya yi kumfa, na Turai ma haka zai yi. Girgiza tana lalata shi, zafi yana lalata shi, kuma ido ba ya ganin lalacewar. Ta ce ba za ta sa wannan a jijiyar mutum ba.

Ko a lokacin ban sauka ba. Na ce a raina bakinsu ɗaya, masu farar riga, suna rufa wa juna asiri. Kamar ta ji ni, ta tashi ta buɗe firijin ɗakin, ta nuna mini kwali irin nawa sak. Ta ce na wani dattijo ne daga wajen Afala, da shi ake yi masa tun farko, kuma yana samun sauƙi. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro.

Yaya ta gyara mayafi, aka ba ta sauran magungunan, ta koma Kalfu da motar azahar.

Sai da aka yi mako biyar kafin a samo wani. Na je gaishe ta sau biyu. A zuwa na biyu na lura tana naɗe mayafi har haɓa cikin wannan zafi, kuma da ta juya na ga wuyan ya soma tasowa. Ta tambaye ni kasuwa, ta tambaye ni yara, ta sa aka dama mini fura. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yaron bai ƙara kirana ba. A bakin ɗiyarta na ji ranar da saƙo zai iso, na riga kowa zuwa tasha. Da mota ta tsaya, mai rabon kaya ya duba takarda ya ce ba sunana ke kai ba. Sai ga Yaya da ɗiyarta sun sauko daga adaidaita, tana takawa a hankali. Yarinyar ta sa hannu ta karɓi galasiya. Na ga tana da nauyi, na miƙa hannu in kama mata.

"Kak ka taɓa, Auta," in ji Yaya, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ina son in ga damana."

Na mayar da hannuna aljihu, na bi bayansu har ƙofar asibiti.